Hannun da Surukina Ya Matse

A gidan likitan da na yi aiki a Gure, shara aka ɗauke ni in yi, da wankin tasoshi, da ɗaukar wanda ƙafarsa ba ta kai shi. Karatuna bai yi nisa ba, na bar lakwal, wato makaranta, tun kafin a kai ga jarrabawa. Amma Allah ya ba ni damtse, kuma jini ba ya tayar mini da zuciya, don haka a hankali aikina ya koma riƙo. In za a tsaga ƙurji, ko a ɗinke wanda sa ya soka, ko a ɗebi ruwan baya a lokacin sanƙarau, sai ka ji majo, wato babban malamin allura, yana cewa a kira mai riƙo.

Riƙon baya yana da ƙa'idarsa. Ana kwantar da mutum a gefensa, a bakin tabur, bayansa na fuskantar lokotoro, wato likita. Ni in tsaya ta gabansa, hannu ɗaya a ƙeyarsa, ɗaya a bayan gwiwoyinsa, in tanƙwara shi har haɓarsa ta kusa taɓa gwiwa, don ƙasusuwan bayan su buɗe. Wanda ke aiki a baya fata kawai yake gani da auduga. Ni nake ganin ido da goshi da leɓe. Shi ya sa lokaci-lokaci lokotoro yakan tambaye ni yaya mutumin yake, kuma abin da na ce shi zai ɗauka. Na yi shekaru ina wannan aiki ban yi masa ƙarya ba, sai a kan mutum ɗaya.

Matata 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Kelle. Mutanen gidansu Barbarci suke yi a tsakaninsu, Hausa kuma sai kasuwa ko in baƙo ya zo. Mahaifinta dogon mutum ne, ya yi fataucin kanwa da raƙuma a ƙuruciyarsa, daga baya ya zauna da gonarsa da 'yan shanunsa. Bai hana ni 'yarsa ba, bai taɓa zagina ba. Tsakaninmu kunya ce irin ta suruki da suruki: in gaishe shi a durƙushe ina kallon ƙasa, ya amsa yana kallon wani wuri, ba ya kiran sunana, ba na cin abinci a gabansa.

Duk lokacin da na je gaisuwa, akwai wata moɗar ƙarfe mai lotsattsen baki da ake kawo mini ruwa a ciki. Da farko na ɗauka girmamawa ce. Sai wata rana na hangi ƙanwar matata tana goge ta da toka, ta kai ta ta rataye a jikin rumbu, nesa da randa. Na tambayi matata. Ta yi dariya, ta ce Baba ne ya ce hannuna yana taɓa cuta iri-iri, kuma akwai yara a gidan. Ta ce in bar tsofaffi da halinsu. Yau in na duba, tsohon bai yi ƙarya ba, mu ma a wurin aiki da sabulu ake binmu. A wancan lokacin kuwa, duk kurɓin da na yi a moɗar nan sai in ji raini nake sha.

Sai kuma ranar sunan ɗanmu na fari. Ragon ya kufce wa mahauci, ya shiga zagaye tsakar gidana, yara na binsa. Tsohon yana zaune a tabarma da sa'o'insa. Bai dube ni ba, ya ce da na kusa da shi, "A kira mai gidan mana. Ai danne mai rai shi ne abincinsa."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Na kama ragon na danne shi aka yanka. Maganar kuwa na binne ta a cikina yadda mata ke binne garwashi a toka. Iyakar abin da ya yi mini ke nan, moɗa da magana ɗaya. Na bincika raina sau da yawa ko akwai na uku da zan ƙara, ban samu ba.

Shekarar da ta biyo bayan karya darajar kuɗin sefa, ciwon baya ya kama shi. Aka yi masa ƙaho, aka yi masa sakiya, ya sha rubutu. Sai wani kumburi ya fito a gefen ƙashin bayansa, sama da ƙugu, kamar an kifa ƙoƙo a ƙarƙashin fata. Ba ya zafi in an taɓa, bai kuma nuna ba. Abin da ya tsorata 'ya'yansa shi ne ƙafar hagu. Ya fara janta, har takalmi yakan fita ya bar shi a baya bai sani ba. Suka ɗora shi a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan babbar motar kamiyo ta kawo su Gure. Ya ƙi sauka a gidana, kamar yadda kowa ya san zai ƙi. Ya sauka a zauren wani tsohon abokin fataucinsa kusa da kasuwa, matata tana kai masa fura da tuwo.

Lokotoronmu a lokacin saurayi ne daga yamma, can bakin kogi. Hausarsa a wurin aiki ya koye ta, tana da karkace, amma ana gane ta. Ya duba tsohon, ya soka 'yar allura ya ga abin da ya fito. Ya tara 'ya'yansa maza biyu da matata ya yi musu bayani. Ya ce ciwon nan ɗan'uwan tarin fuka ne, sai dai shi a ƙashi ya sauka. Mugunya ta taru a ciki tana danne jijiyoyin ƙafa. Zai yi 'yar tsaga, ya shigar da allura mai kauri har inda ta taru, ya zuƙe ta, ya bar roba a ciki ta ɗan kwana. Ya ce ba sau ɗaya ba ne, za ta sake taruwa a sake cirewa har ta bushe, sannan ga ƙwayoyi na watanni. In aka yi haka, yana sa ran tsohon zai taka. In aka bari, ƙafafun duka biyu za su mutu.

Babban ɗan ya roƙa a sa baban nasu barci, kada ya ji komai. Lokotoro ya ƙi. Ya ce tsoho ramamme irin wannan, mai raunin ƙirji, in aka sa shi barci mai nauyi yakan zarce, kuma ba mu da abin da za mu taya shi numfashi. Ko maganin kashe wuri ba zai zuba masa duka a tashi ɗaya ba, don yakan taɓa zuciyar tsoho. Zai kashe fatar tukuna, sannan in allura tana nutsewa, duk inda tsohon ya ji zafi a ƙara masa kaɗan, a jira, a ci gaba. Ya ce ta haka ba zai sha wuya ba, muddin dai ana gaya masa.

Ana gobe za a yi aikin, majo ya ja ni gindin itacen bedi. Mutumin ƙasar nan ne, ya san abin da lokotoro bai sani ba.

"Kai, surukinka ne fa," ya ce. "Za a tuɓe shi har ƙugu. Bar mai gadi ya riƙe."

Na ce mai gadi in ya ga jini jiri yake ji. Na ce 'ya'yansa ba su san riƙo ba, tausayi zai sa su sassauta, kuma in tsohon ya zabura allura na kusa da laka, wa zai ɗauki alhakin? Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Da tubalin gaskiya na gina abin tun daga tushe.

Majo ya ce, "To, ka rufe idon surukuta, ka bar na aiki a buɗe." Ya yi dariya ya tafi.

Ban ce wa kaina zan hana shi magani ba. Abin da na sani ina so shi ne in ji muryarsa. Na riƙe sojoji a tabur ɗin nan sun kira uwarsu, na riƙe malamai sun manta addu'a. Na so in ji shi ma ya yi ƙara a hannuna sau ɗaya, ya san danne mai rai ba abin dariya ba ne.

Da safe aka kawo shi. A baranda akwai 'ya'yansa da mai masaukinsa da wasu dattawa da suka zo jiran nasu marasa lafiyan. A nan na fara. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce wa majo yau ba mu da aiki, wannan mutanen da ne, waɗanda kunama ke harbinsu a hanyar kanwa su ci gaba da tafiya. Na ce an yi masa sakiya da jan ƙarfe ko uhum bai ce ba. Dattawan suka gyaɗa kai, mai masaukinsa ya ƙara da nasa labarin. Tsohon yana kwance a kan abin ɗaukar marasa lafiya, ya rufe fuska da gefen rawaninsa. Na san abin da nake yi. Mutumin da aka yi wa wannan kirari a gaban 'ya'yansa, ga taga a buɗe, ga mijin 'yarsa a kansa, an riga an ɗinke masa baki.

Muka shiga. Majo ya cire masa riga da layun ƙugunsa, ya bar shi da ɗan zane. Ban taɓa zaton ya rame haka ba, haƙarƙarinsa kamar a ƙirga. Da ya ga ni ne zan riƙe, ya dubi majo, sannan ya mai da idonsa ƙasa. Ya za a yi ya ce ba ya son mijin 'yarsa, a gaban baƙo?

A kan faranti akwai allurai biyu cike da maganin kashe wuri. Lokotoro ya zagayo ta gaba, ya durƙusa daidai fuskar tsohon, ya kama hannunsa na dama da kansa ya ɗora a wuyan hannuna.

"Baba, na san ku ba kwa kuka," ya ce. "Ba sai ka yi magana ba. In zafi ya zo, matse nan. Shi zai gaya mini, ni in ƙara magani. Ka ji?"

Tsohon ya gyaɗa kai.

Na tanƙwara shi. Aka shafa alkol na wanke fata, warinsa ya cika ɗakin. Lokotoro ya yi allurar farko a fata, ya jira, ya tsaga. Hannun tsohon yana kwance a kan nawa, busasshe, mara nauyi. Daga nan aka ɗauko mai kaurin. Ina jin shigarta a jikinsa ta tafin hannuna da ke ƙeyarsa. Da ta wuce inda magani ya kai, sai ya matsa. A hankali ya matsa, kamar mai sallama a ƙofar gidan da ba nasa ba.

"Yaya baba?" in ji lokotoro daga baya.

Na ce, "Lafiya lau. Ci gaba."

Tsohon ya buɗe ido ya dube ni. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa duban tsakiyar idona ba sai ran nan. Ina tsammanin ya ɗauka ban ji ba ne, don ya sake matsawa da ƙarfi, sau biyu, yana kallona. Ni ma na dube shi, ban kawar da kai ba. Sai ya rufe idonsa.

Na ce a raina ƙara ɗaya kawai. In ya yi ƙara, lokotoro da kansa zai ji, ya ƙara masa, shi ke nan mun biya juna. Abin yana hannunsa, haka na gaya wa kaina. Allura ta ci karo da ƙashi, lokotoro ya ja ta baya kaɗan ya sake lalube. Gumi ya tsattsafo a goshin tsohon ya gangara cikin kunnensa. Ya kama gemunsa da haƙora. Numfashinsa yana fita ta hanci, gajere-gajere, yana dukan ƙirjina. A waje jaki yana kuka, wata mata tana tallan ƙosai. Faratansa suka shiga fatata.

Mugunya ta fara zuwa. Majo yana juye ta a tasa yana mamakin yawanta. Lokotoro ya ji daɗi, amma bai manta ba. Na ga hannunsa ya tafi wajen faranti, har ya taɓa allura ta biyu.

"Bai matsa ba? Nan wurin da zafi."

Na sunkuya na rufe wuyan hannuna da ƙirjina. Na ce, "Ko motsi bai yi ba."

"Mutanen da ƙarfe ne," in ji majo. "Mu namu yaran, allurar zazzaɓi ma sai an bi su da gudu."

Lokotoro ya janye hannunsa daga farantin. Ya faɗaɗa hanyar don ya shigar da roba. A nan ne na ji ɗumi yana bin cinyata. Tsohon ya saki fitsari. Ni kaɗai na sani, don ta gabansa ne, kuma rigata ta tare. Da na yi shiru, da na goge daga baya ba wanda ya gani. Na yi wa mutane da yawa wannan sutura, har waɗanda ban san daga inda suka fito ba. Amma ƙarar da nake jira ba ta zo ba, kuma haushin haka ya cika ni. Na ɗaga murya, ga taga a buɗe, na ce, "Majo, miƙo tsumma. Baba ya yi fitsari."

Baranda ta yi tsit. Lokotoro ya ce ba komai, ciwon ne ke danne jijiyar mara. Hannun da ke wuyan hannuna ya saki. Bai suma ba, idonsa a buɗe yake, yana kallon bango ta gefen kafaɗata. Ya daina roƙona ne kawai. Har aka gama, aka ɗaure wurin, bai sake matsawa ba.

Da nake wanke kaya, majo ya miƙo mini allura ta biyu, ya ce an riga an zuƙo, ba ta komawa kwalba, in zubar. Ya ce asara, a shekarar da magani ke wuya. Na fita bayan ɗakin na tsiyayar da ita a cikin rairayi. Ko damshi ba ta bari ba.

Da na koma gida matata ta ga sawun farata a hannuna, jini ya bushe a kai. Ba ta san maganar matsawa ba, tana waje lokacin da aka yi ta. Ta shafa mini man shanu, tana cewa na sha wuya saboda mahaifinta, Allah ya ba ni masu yi mini. Ta yanka zabo. Na ci, har na nemi ƙari.

Aikin ya yi kyau. Kafin a cire robar, yatsun ƙafar hagu sun fara motsi. Lokotoro yana ta kiran mutane su zo su gani. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a dawo da shi da zarar kumburin ya fara tasowa, kada a jira. Duk kwanakin da tsohon ya yi a kwance, in na shiga shara sai ya ja mayafi ya rufe kansa. Kowa ya ɗauka kunyar surukuta ce.

Ya koma ƙauye, bai dawo ba. Lokacin karɓar ƙwayoyi ya wuce. 'Ya'yansa suka aiko cewa kumburin ya dawo, amma ya rantse ba mai sake ɗora shi a amalanke. Matata ta je ta yi kuka ta dawo. Sai lokotoro ya ce ni in je, tunda ni ne na gida kuma na san aikin, in gaya masa abin da ke jiransa in ya ƙi.

Na bi kamiyon 'yan kasuwa zuwa Kelle, na ƙarasa da ƙafa. Na same shi da hantsi a ƙarƙashin rumfa, kwance a gefe ɗaya, an tokare shi da buhu. Na durƙusa na gaishe shi. Aka kawo mini ruwa a moɗar nan, na sha. Ya yi wa mutanen gidan magana da Barbarci, suka watse, suka bar mu.

Na faɗi saƙon lokotoro ina kallon ƙasa. Na ce ƙafar da ta fara tashi za ta koma, ɗayar ma ta bi ta. Na ce wannan karon za a ƙara magani sosai. Ya bar ni na gama.

"Na ga allurar a faranti," ya ce. "Cike take da aka kwantar da ni, cike take da aka ɗaga ni."

Na ce, "Baba, ban ji ba ne. Hankalina yana kan riƙo."

"Miƙo hannun."

Na miƙa. Bai taɓa ba. Ya dubi tabon, guda huɗu a jere da ɗaya a ƙasa, sun yi baƙi.

"Fatarka dai ta ji," ya ce.

Nan ne wurin da ya kamata in kifa goshina a ƙasa in nemi gafara. Ba kowa, daga ni sai shi sai kaji. Abin da na ce shi ne, in ya yarda ya koma, ba ni zan riƙe shi ba, mai gadi zai riƙe, ko majo da kansa.

"Yaron nan na bakin kogi ba shi da laifi," ya ce. "Shi baya aka ba shi. Kai aka ba fuska. To wanda ke cin tuwon 'yata ya yi mini haka, mai gadi fa, da bai haɗa komai da ni ba?"

Ya gyara kwanciya da ƙyar, ya juya mini ƙeya. Na ɗauka ya gama, har na fara tattara takalmina.

"Ba zan gaya mata ba," ya ce. "Ba don kai ba. Tana da 'ya'ya a ɗakinka, ina za ta kai sanin? Tashi, kada motarka ta tafi."

Da na dawo Gure, akwai sauran hanya ɗaya, kuma na gan ta sarai. In na gaya wa lokotoro gaskiya, na san halinsa, zai hau moto, wato babur, ya tafi ƙauyen da kansa, ya zauna gaban tsohon ya ce an cuce shi, ya yi masa alkawarin zai riƙa zagayowa yana duban fuskarsa da idonsa. Wataƙila tsohon ya yarda, wataƙila ya ƙi. Amma ni za a kore ni, majo zai ji, kasuwa ta ji, matata ta ji. Na ce wa lokotoro tsohon ya fi yarda da maganin gargajiya, an samo masa wani mai saiwoyi daga Alakos. Lokotoro ya buga tabur, ya yi ta faɗa a kan jahilcin mutanen ƙauye, ya ce ka yi musu aiki mai kyau su je su ɓata. Ina tsaye da tsintsiya a hannu ina cewa haka ne.

Kafin damina ta yi nisa ƙafafun duka biyu suka mutu. Fitsari da bayan gida suka daina jin maganarsa. Gyambo ya fito masa a ƙugu saboda kwanciya. Matata ta koma can ta yi jinya har aka yi girbi, ni kuma ina aika sabulu da auduga, ana ta sa mini albarka. Ya cika alkawarinsa, bai gaya mata ba. Ita ma ta rasu shekaru bayan rasuwarsa, tana ba jikokinmu labarin yadda na riƙe mahaifinta har ya yage mini hannu ban sake shi ba.

Ranar da tsohon ya cika, na isa ƙauyen ana shirin wanka. Na nemi wuri cikin masu zaman makoki. Sai babban ɗansa ya zo ya tsaya a kaina, ya ce Baba ya bar wasiyya: in an zo yi masa wanka, liman ya zuba ruwa, mijin 'yarsa ya riƙe. Dattawa suka yi ta jinjina abin, suna cewa ba su taɓa ganin surukin da aka ba wannan girma ba. Ba yadda zan yi in ƙi.

Muka shiga bayan zana, ni da liman. An shimfiɗa shi a kan tabarmar kaba, ya koma kamar yaro. Liman ya ce in juya shi gefe don a wanke bayan. Ban yi tunani ba, hannuwana suka tafi inda suka saba, ɗaya a ƙeya, ɗaya a bayan gwiwa. Na ga tabon 'yar tsagar, ya warke sumul, kumburin kuwa ya ninka na da. Hannunsa na dama ya zamo daga kan haƙarƙarinsa ya faɗo a kan nawa. Ban san na ƙanƙame shi ba sai da liman ya dakata da butar a hannu.

"A hankali, malam," ya ce. "Mamaci yana jin abin da mai rai ke ji. Faɗa ce kawai ba ya iya yi."

Na sassauta. Liman ya ci gaba da zuba ruwa.